RA'AYINMU: Su wa ke zaune inda ake rabon kuɗin shekara bakwai?



A wannan fitowa za mu ɗauke ku zuwa nesa, har ƙasar Turai, domin mu yi magana a kan wani kwamiti na mutum 50. Mun sani wani zai ce, ina ruwan mai bin saniya a dajin Azawak ko Tadres da kwamitin Turawa? To a yi mana haƙuri a karanta har ƙarshe, wanda bai iya karatu ba kuma a karanta masa. Abin da ake yankewa a irin wannan zama yakan biyo jirgin ruwa ya sauka Kwatano ko Lome ko Legas, ya hau mota ya iso kasuwar Maraɗi da Damagaram da Tawa a cikin buhu, a ajiye shi kusa da ƙwaryar matarka.

Ga yadda abin yake. Ƙasashen Tarayyar Turai, waɗanda a yau su 27 ne, suna da asusu guda na tarayya, ban da na kowace ƙasa. Kuma ba sa tsayawa a kan kasafin shekara ɗaya kamar yadda muka saba gani a nan. Sukan zauna su yanke iyakar abin da za a kashe cikin shekara bakwai, su ce ga na noma da kiwo, ga na raya yankunan da aka bari a baya, ga na binciken ilimi, ga kuma na taimakon ƙasashen waje. Daga nan kasafin kowace shekara tilas ya zauna a cikin wannan shinge. Makiyayi ya fi kowa gane hikimar wannan tsari, domin wanda ya sayi maraƙa ya san sai ya jira shekara uku ko huɗu kafin ya sha nononta, kuma wanda fari ya cinye wa garke ya san shekarun da yake ɗauka kafin ya sake jin ana kiransa mai shanu.

Tun ƙarshen shekarar 2009, lokacin da yarjejeniyar Lisbon ta fara aiki, wannan kasafi na dogon zango ya zama doka, kuma gwamnatoci ba su iya zartar da shi sai Majalisar Turai ta amince. Majalisar ba ta da ikon gyara lambobin ɗaya bayan ɗaya, amma tana da ikon ta ce ba ta yarda ba, a koma a sake. Da ƴan majalisar suka ga sun sami wannan sanda, ba su tsaya jiran a kawo musu takarda an riga an gama rubutawa ba. A watan Yuni na 2010 suka kafa kwamiti na musamman, suka ba shi shekara ɗaya ya tsara abin da Majalisa ke so a sa a kasafin da zai fara a 2014. A lura da kyau: shekara uku da rabi kafin kasafin ya fara aiki suka soma shiri.

Mu kuwa, kowa ya tuna abin da muke ciki a wannan shekara ta 2010. Daminar 2009 ba ta ba da ciyawa ba, buhun dusa ya gagari talaka, shanu suna faɗuwa a bakin rijiya, mahauta suna sayen saniya da kuɗin da bai kai na tunkiya ba. A daidai lokacin da muke fiɗar abin da ya rage mana, su suna can suna tsara abin da manominsu da makiyayinsu za su samu har zuwa 2020.

Yanzu sai maganar da ta sa muka ɗauki alƙalami, watau su wa aka zaunar a wannan kwamiti, kuma ta yaya. Majalisar Turai a lokacin tana da depitoci 736, waɗanda jama'ar ƙasashensu suka zaɓa kai tsaye. A cikinsu aka ɗebo 50, tare da masu jiran gado waɗanda ke zama idan mai kujera ba ya nan. Ba a raba kujerun ƙasa ƙasa ba. An raba su ne bisa ƙarfin gungun jam'iyyu, mai yawan kujeru a zauren majalisa shi ne mai yawan kujeru a kwamiti, sa'an nan kowane gungu ya yi nasa rabo a cikin gida tsakanin mutanensa na ƙasashe dabam dabam. A nan ne ake yin kokawa ta gaske, wadda ba a nunawa a talabijin, domin kowace ƙasa tana so nata ya kasance a cikin ɗakin.

Muƙamai biyu ne suka fi nauyi. Akwai shugaban kwamiti, wanda ke tsara abin da za a tattauna da waɗanda za a gayyato a saurara. Akwai kuma mai rubuta rahoto, wanda alƙalami ke hannunsa. Shugabancin ya faɗa wa wata mace Bajamushiya mai suna Jutta Haug, daga gungun ƴan gurguzu masu sassauci, wanda shi ne na biyu a girma. Alƙalami kuma aka ba Salvador Garriga Polledo, mutumin Sipaniya, daga gungun da ya fi kowane yawa. Duba wannan rabo. Jamus ita ce ƙasar da ta fi kowa zuba kuɗi a asusun, Sipaniya kuwa ta daɗe tana cikin waɗanda suka fi kowa ɗiba. An haɗa mai bayarwa da mai karɓa, an kuma haɗa manyan jam'iyyu biyu, yadda in rahoto ya fito babu babban da zai ce ba da shi aka yi ba. Sauran gungun kuma kowanne ya naɗa nasa mutum mai bin sawun mai rubuta rahoto, yana duba kowane layi, yana kawo gyara. Shi Garriga ɗin mutumin yankin Asturiyas ne, ƙasar ruwa da ciyawa da shanun tatsa a arewacin Sipaniya. Ba mu ce wannan ne ya juya alƙalaminsa ba. Abin da muke cewa shi ne, mutumin da ya fito daga irin wannan wuri ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan mai tatsar saniya.

Wasu kwamitocin majalisa kuma suka aiko da ra'ayinsu, har da na noma da kiwo. Shugaban wannan kwamitin a lokacin shi ne Paolo De Castro, tsohon ministan noma na Italiya. Ɗaya daga cikin mataimakansa kuwa shi ne José Bové, Bafaranshe mai kiwon tumaki a duwatsun Larzak, inda ake tatsar tumaki ana yin cuku da nononsu. Ku ji wannan, jama'a: mai kiwon tumaki ne zaune a kujerar mataimakin shugaban kwamiti a majalisar ƙasashe 27. A wajen majalisa kuma manyan ƙungiyoyin manomansu suna da ofis a birnin Buruksel tun ƙarshen shekarun 1950, aikinsu ke nan dare da rana, su san wa aka naɗa a wane kwamiti, su je su same shi da takardu da lissafi.

Sakamako bai ba kowa mamaki ba. Ranar 8 ga Yuni 2011 zauren majalisa ya amince da rahoton da ƙuri'a 468, masu ƙi 134, waɗanda suka ƙi jefa wa kowane ɓangare 54. Rahoton ya nemi a ƙara aƙalla kashi 5 cikin 100 a kan kasafin 2013, kuma ya ce kuɗin noma da kiwo kada ya yi ƙasa da yadda yake a wannan shekara. Ga duk ƙasar da ke son a rage, suka ce ta fito fili ta faɗi aikin da take so a watsar.

Ba wai duk abin da suka nema suka samu ba. Tun watan Disamba na 2010 shugabannin Ingila da Jamus da Faransa da Holan da Finlan sun riga sun rubuta wasiƙa cewa kada kasafin ya ƙaru, saboda matsin tattalin arzikin da Turai ke ciki. A watan Fabrairu na 2013 shugabannin ƙasashe suka tsaya a kan miliyar 960 na kuɗin Yuro, wanda shi ne karo na farko da kasafin ya yi ƙasa da na bayansa. Majalisa ta ƙi a watan Maris, aka yi ta ciniki kamar a kara, ta samo wasu sassauci, sa'an nan ta amince a watan Nuwamba. Miliyar 960 na Yuro, in an juya shi zuwa sefa, ya kai kusan miliyar dubu 630, watau wajen kasafin ƙasarmu na shekara ɗari biyu. Kuma duk da ragin da aka yi, noma da kiwo sun tashi da kusan kashi 38 cikin 100 na wannan dukiya, a nahiyar da manoma ba su kai ko kashi ɗaya cikin goma na jama'a ba.

Ba hassada muke yi musu ba. Kowa ya gyara gidansa ya yi daidai. Amma wutar da suka hura domin jin ɗumi, hayaƙinta ya sha shigowa bukkokinmu, kuma fatake masu shekaru ba su manta ba. A ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990 Turai ta tara naman shanu fiye da yadda za ta ci, sai ta riƙa biyan ƴan kasuwarta tallafi domin su fitar da shi waje. Daskararren nama ya cika Abijan da Akara da Kwatano a kan farashin da babu falken da ya koro shanu daga Sahel da zai iya karawa da shi. Fataken Mali da Burkina ne suka fi jin jiki, amma farashin dabba kamar ruwa yake, in ya sauka a wata kasuwa sai ya gangara har sauran. Sai da wasu ƙungiyoyi a Turai suka tayar da ƙura a 1993 aka rage tallafin, sa'an nan karyewar darajar sefa a Janairun 1994 ta maido wa shanunmu kasuwa. Wannan tallafi da ya karya fatake, layi ɗaya ne a cikin kasafi, wanda wasu mutane suka zauna a wani ɗaki suka amince da shi.

Na madara kuwa ya fi kusa da mu. Tun 1984 Turai ta yanka wa kowace ƙasa iyakar madarar da za ta tatsa. A ƙarshen watan Maris na 2015, cikin shekarun wannan kasafi da muke magana a kansa, aka ɗage iyakar. Madara ta yi yawa, farashi ya faɗi, hukuma ta riƙa saye tana busarwa tana tarawa a rumbu, har garin ya kai wajen tan 380,000. Kamfanoni kuma suka ƙara ƙaimi a kan wata dabara. Sukan tsame man shanu daga madara su sayar da tsada, su maye gurbinsa da man kwakwar manja mai araha, su busar, su cika buhu mai kilo 25. Wannan gari ne ake damawa a shaguna da yawa na biranenmu ana sayar da shi da sunan nono, kuma mai saye sau da yawa bai san babu man saniya a ciki ba. Bafillatanar da ta tashi da asuba ta tatsa, ta yi tafiyar sa'o'i da ƙwarya a kai, da shi take gasa.

Turawa suna da amsarsu, kuma ya kamata mu faɗe ta yadda take. Sukan ce an daina biyan tallafin fitar da kaya, an ma sa hannu a kan soke shi a taron ciniki na duniya a Nairobi a 2015, kuma kuɗin da ake ba manomi yanzu a kan faɗin gonarsa ake lissafawa, ba a kan yawan madararsa ba. Gaskiya ne. Sai dai mutumin da aka biya wa kuɗin ciyawa da na haya, ko da wane suna aka ba shi kuɗin, yana iya sayar da madara ƙasa da abin da ya kashe ya kuma kwana lafiya. Mu in mun yi haka shekara biyu, garken ya tafi.

Kada kuma a ɗauka kowane mai shanu a Turai yana cikin daula. Lissafin hukumarsu da kanta ya nuna kusan kashi 80 cikin 100 na tallafin yana tafiya ga kashi 20 cikin 100 na masu karɓa, watau masu manyan gonaki. Ƙananan masu tatsa sun sha fitowa zanga-zanga. A 2009 a Beljik sun zubar da miliyoyin litocin madara a gona saboda baƙin cikin farashi, a Janairun 2017 kuma sun fesa garin madara a jikin ginin da ministoci ke taro a Buruksel. A watan Afrilu na 2019 masu kiwo daga Afirka ta Yamma sun tafi can sun tsaya tare da su, bayan yaƙin tallata madarar gida da ƙungiyoyin makiyaya suka fara a ƙasashenmu a 2018. Wannan ya nuna ko a can ɗin, samun wakili mai suna manomi bai isa ba, sai an tambaya manomi wane iri.

Haka nan ba za mu ɓoye alherin da ya fito daga wannan nahiya ba. Tsofaffinmu sun san bushiya, cutar da takan share garke cikin kwanaki. Babban yaƙin allurar da aka yi da ita a Afirka daga 1986, yawancin kuɗinsa daga asusun raya ƙasashe na Turai ya fito, kuma a 2011 aka shelanta cewa cutar ta ƙare a duniya. Wancan asusun a da yana waje da kasafin tarayya, gwamnatoci ne ke riƙe da shi, kuma a zangonsa na ƙarshe, daga 2014 zuwa 2020, ya kai miliyar 30 da rabi na Yuro. Daga 2021 aka shigar da shi cikin babban kasafi, a wani sabon asusu na miliyar 79 da rabi domin duniya baki ɗaya. Ma'ana, kuɗin rijiya da allura da alamar burtali da ke fitowa daga can, yanzu a tabarma ɗaya ake rabonsa da kuɗin manomin Faransa da na tsaron iyakoki da na hana baƙin haure. Kuma mun gani a 2023 yadda Turai ta dakatar da tallafin kasafi ga ƙasarmu bayan sauyin mulki, abin da ke tuna mana cewa famfon da ke gidan wani, mai gidan ne ke riƙe da makullinsa.

Ana kan wannan ciniki har yanzu. A watan Yuli na 2025 Hukumar Turai ta gabatar da shirin kasafin 2028 zuwa 2034, na kusan miliyar dubu biyu na Yuro, tare da shawarar a haɗa kuɗin noma da wasu kuɗaɗe a asusu guda na kowace ƙasa. A ranar da aka gabatar da shi manoma suna kan titi a Buruksel suna cewa ba su yarda ba. Majalisar, wadda tun zaɓen 2024 take da kujeru 720, ta ɗora aikin a kan kwamitinta na kasafi, ta ba mutum biyu alƙalami, Siegfried Mureșan na Rumaniya da Carla Tavares ta Fotugal, su ma daga manyan gungu biyu. Duk manomin Turai da ke cikin ƙungiya yana iya sanin sunayen nan, ya san ofishinsu, ya rubuta musu.

To mu dawo gida. Harajin kwastan da ake ɗora wa buhun garin madara mai kilo 25 a Afirka ta Yamma kashi 5 ne cikin 100, kuma ba Bature ne ya sa hannu a kansa ba. Hukumominmu ne, a jadawalin haraji na bai ɗaya da ya fara aiki a 2015. Ƙasashen Afirka ta Gabas sun ɗora wa irin wannan kaya kashi 60 cikin 100, kuma yau Kenya madarar shanunta take sha. Mun san hujjar masu cewa a bar shi da araha: yaran birni suna bukatar madara, tamu kuma da rani takan ƙafe, da damina ta yi yawa ta lalace saboda babu hanya, babu wurin sanyaya ta. Wannan ma gaskiya ne. Amma wurin tara madara da abincin dabbobi na rani ba su faɗowa daga sama, a kasafi ake sa su, kuma kasafin shekaru da yawa suke bukata. Tun 2003 a Maputo shugabannin Afirka suka yi alkawarin ba noma kashi 10 cikin 100 na kasafi, suka sabunta a Malabo a 2014. Ko a inda aka kusanci wannan adadi, a tambaya nawa ne ya kai ga kiwo a ciki.

Muna da namu majalisun na haɗin ƙasashe. Majalisar CEDEAO ta fara zama a shekarar 2000, da kujerun da suka tsaya a kan 115: Najeriya 35, Gana 8, Kodebuwa 7, Nijar da Mali da Burkina da Gine da Senegal shida shida, sauran biyar biyar. Ɗan ƙasar nan, Mahamane Ousmane, ya shugabance ta daga 2006 zuwa 2011. Wakilanta daga majalisun ƙasashe ake ɗebo su, ba jama'a ke zaɓensu kai tsaye ba, kuma tun ƙarin ikon da aka yi mata a 2016 ana kawo mata kasafin ƙungiyar ta duba ta ba da ra'ayi kafin ministoci su amince. Kuɗin kuwa daga harajin rabin kashi ɗaya cikin 100 ne a kan kayan da ake shigowa da su daga waje. Muna tambayar duk mai karanta wannan: a shekarun da muke da kujeru shida a can, wa ya taɓa jin sunan wanda ke zaune a kwamitin kuɗi? Wa ya taɓa zuwa mashaya ko kara ya ce shi ne, ya tambayi abin da ke damunmu? A 1998 ƙungiyar ta fitar da doka mai kyau a kan tsallaka iyaka da dabbobi, da takardar shaida ta ƙasa da ƙasa. Amma burtalin da aka yi alkawari, da mashaya, da wuraren hutawa, mafi yawansu sun dogara ne ga kuɗin masu ba da taimako, shiri ya zo ya ƙare. Da Benin ta hana shigar garken ƙasashen waje a ƙarshen 2019, makiyayi ne ya tsaya a bakin iyaka da takardarsa a hannu.

Nijar da Mali da Burkina sun fice daga CEDEAO ranar 29 ga Janairu 2025. Ba mu shiga gardamar fita ko zama ba, wannan na hukuma ne. Abin da ya shafe mu shi ne ana gina sabon gida. Yarjejeniyar haɗin gwiwar ƙasashen Sahel uku da aka sa wa hannu a Yamai a watan Yuli na 2024 ta tanadi zaman haɗin gwiwa na majalisu, kuma a 2025 ƙasashen sun amince da nasu harajin na rabin kashi ɗaya cikin 100 a kan kayan da ke shigowa daga waje. Ga kuma kwamitin majalisun UEMOA, inda aka tanadar wa kowace ƙasa kujera biyar. Waɗannan ƙasashe uku su ne gidan kiwo a Afirka ta Yamma, kuma dabbobi suna cikin manyan abubuwan da suke fitarwa waje. In har za a kafa kwamitin da zai duba yadda za a kashe kuɗin haɗin gwiwa na shekaru masu zuwa, to yanzu ne lokacin magana, tun ba a raba kujeru ba. Turawa sun fara shekara uku da rabi kafin lokaci. In muka jira sai an karanta sunaye a rediyo, sai dai mu yi kuka a bayan shinge.

Abin da muke nema ba mai wuya ba ne. A duk kwamitin kasafi na haɗin ƙasashe, a sami mutanen da suka fito daga yankunan kiwo kuma suka san shi, a cikin masu kujera na ainihi, ba masu jiran gado kaɗai ba. Kuma a nan za mu faɗi wata magana da wasu ba za su so ba. Suna irin namu ko rawani irin namu bai isa shaida ba. Akwai masu garke dubu da ke zaune a birni, waɗanda su ne ke kewaye makiyaya da waya suna hana talaka ciyawa, alhali dokar kiwo ta ranar 20 ga Mayu 2010 ta amince cewa yawo da dabbobi haƙƙi ne, ta kuma hana mutum ɗaya ya mallake filin kiwo na jama'a. Irin wannan in ya zauna a kujerarmu, to mun sami wakili irin na masu manyan gonakin Turai. Wanda muke so shi ne wanda ardo da garso suka san shi, wanda zai iya faɗin nisan da ke tsakanin rijiya da rijiya a kan hanyar da garke ke bi. Kuma tunda maganar madara ta mata ce, kada a zauna a kanta babu su.

Muna kuma neman a riƙa shelanta sunayen ƴan irin wannan kwamiti a rediyo, da Hausa da Fillanci da Buzanci da sauran harsunan ƙasa, sa'an nan kwamitin ya saurari ƙungiyoyin makiyaya tun kafin a rufe lissafi. Muna da ƙungiyoyin da suka haɗa ƙasashe, irin su APESS da Billital Maroobe, waɗanda suka daɗe suna wannan aiki, kuma ta hanyarsu ne za mu iya isar da magana har majalisun da ba mu da kujera a cikinsu, ko a Abuja ko a Buruksel, domin shanunmu ba su daina tsallaka iyaka ba, buhun gari ma bai daina shigowa ba.

Sai dai wanda zai shiga irin wannan ɗaki ba ya shiga da kuka kaɗai, da lissafi ake shiga. Saboda haka muna roƙon kowane reshe na ƙungiyarmu, kafin fitowa ta gaba, ya rubuto mana abubuwa kamar haka: kuɗin litar madarar saniya a kasuwarku da damina da kuma da rani, kuɗin buhun garin madara da na ƙaramin ƙulli, yawan shagunan da ke dama gari suna sayarwa, da burtalin da aka toshe ko rijiyar da ta mutu a yankinku, da sunan wurin da shekarar da abin ya faru. Wanda ba ya rubutu ya faɗa wa sakataren reshe ya rubuta, ko ya aiko da murya ta waya. Fatake da ke zuwa kasuwannin bakin iyaka kuma su ƙara mana da abin da ake karɓa a hannunsu a kowane shinge, mai rasit da marar rasit.